Igiya Tana Wuyana

Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Na ga saƙonninku, masu tambayar ko lafiya da masu zagina wai ina ja muku rai, har da wata baiwar Allah da ta rubuto cewa in dai aji nake ja wa Dogo, to in sakar mata shi, ita tana so. 'Yar uwa, karanta wannan tukuna, sai ki faɗa min ko har yanzu kina sha'awar zama inda nake zaune.

Ga waɗanda yau suka fara bina: ni ce auta a gidanmu, kuma gidan yanzu daga ni sai Umma, a hawa na biyu na wani tsohon bene mai duhun matakala. A shagon tabarau nake aiki, ina goge gilasai ina yi wa mutane ƙaryar cewa firam ya yi wa fuskarsu kyau. Dogo shi ne mai nemana, gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Sai kuma ta ukunmu a gidan, wadda ban taɓa ba ku labarinta ba, kamar yadda shi ma ban taɓa ba shi ba.

Sunanta Hajiya. Mesa ce.

Na san wasunku sun yar da waya. Ku ɗauko, ba ta fitowa ta gilashi. Kuma ba irin mesar da kuke ji tana haɗiye akuya ba ce. 'Yar ƙarama ce, tsawonta kaɗan ya ɗara hannuna, baƙa mai zanen ruwan zuma, ba ta da dafi ko na sisin kwabo. In ta tsorata ba ta sara, ba ta gudu, dunƙulewa take ta cusa kanta a tsakiyar jikinta har abin ya wuce. Yaya ne ya raɗa mata Hajiya, wai don yini take barci, ba ta gaida kowa, kuma sai an kai mata abinci har ɗaki.

Yayana sikila gare shi. Duk wanda ya zauna da mai wannan ciwo ya san dare ne abokin gabarsa. Da rana zai daure ya yi ta tsokanata, amma da an kashe fitila ƙasusuwansa sai su tashi, shi kuma ya tsani ya tashe mu. A wajen wani abokinsa da zai bar gari ya karɓo ta, a cikin akwatin gilas mai murfin raga, da 'yar shimfiɗar lantarki da ke ɗumama gefe ɗaya, da tasar ruwa, da wani fasasshen tulu da take shigewa ta yini. Rana na faɗuwa sai ta leƙo, ta fara zagaye akwatin tana ɗanɗana iska da harshe. Shi kuma ya ɗauko ta ya ɗora a kafaɗa, su raba dare tare.

Ya taɓa ce min, "Auta, duk gidan nan ita kaɗai ce ciwona ba ya hana ta barci. Da ma can idonta biyu."

Bara ya rasu. Ba zan ba ku wannan labarin yau ba, ba ni da ƙarfinsa. Abin da ya bar min dai ɗakinsa, da rashin barcinsa, da Hajiya. Tun yana raye ya koya min komai: yadda ake narkar da daskararren ɓera a ruwan ɗumi, yadda ake miƙa mata da dogon hantsaki ba da yatsa ba, yadda ake ƙyale ta in idonta ya yi hazo domin saɓa za ta yi. Da farko ina yi ina toshe hanci. Daga baya sai ya zama in na ɗora ta a kafaɗata, na ji nauyinta mai sanyi yana ɗaukar ɗumin jikina, nan ne kawai nake iya yin kukan Yaya ba wanda ya ce min in yi haƙuri.

Akwai wata doka a gidanmu da ya kamata ku sani. Umma ba ta yarda a kira sunan maciji bayan faɗuwar rana, kowane iri ne kuwa. Ta ce in ka kira shi ya ji. Igiyar ƙasa ake cewa, mu kuma saboda lalacin baki muka yanke ta koma igiya kawai. Na sha dundu a kan wannan tun ban yi wayo ba. Yaya ko karatun makaranta yake da dare ya ci karo da kalmar, igiya yake karantawa, ya kalle ni mu ƙunshe dariya. Da ya kawo Hajiya gidan, Umma ta yi sati ba ta yi masa magana ba, amma wa zai iya hana mara lafiya abin da ke rage masa dare? Ta haƙura bisa sharaɗi biyu, ba za ta taka ɗakin ba, kuma in za a fito da abin a murza mukulli.

Farkon makon da ya wuce, bayan magariba, ta tsaya a bakin ƙofata da doguwar rigar da tela ya kawo, ruwan toka mai ɗinkin azurfa a wuya da bakin hannu, da mayafinta a naɗe cikin leda. Ba ta shigo ba. Daga nan ta miƙo.

"Ranar Asabar kawunnan Dogo za su zo maganar aurenki. Kawunki ma ya ce da wuri zai iso."

"To, Umma."

"Ba to ba. Kafin ranar ina so igiyar nan ta bar gidan nan."

Da ma na san ranar na zuwa. Na ce, "Umma, ta Yaya ce fa."

"Yayanki ya tafi inda ba ya buƙatarta. Ke ce kike nan." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, abin da take yi in tana so ta hana muryarta rawa. "Wane namiji ne zai kwana ɗaki ɗaya da wannan abu? In danginsa suka ji me za su ce? Ba za su ce kiwo ba, Auta. Cewa za su yi tsafi muke yi. Ɗa ɗaya na binne, ba zan zauna ina kallon ɗayar tana tsufa a ɗaki da abin ƙasa ba."

"Zan faɗa masa. Wataƙila ya yarda in tafi da ita."

Ta buga tsaki. "Faɗa masa ki ga ƙeyarsa."

Na rataye rigar a ƙofar sif, na zauna a bakin katifa. In kai ta ina? Wanda ya ba Yaya ita ya daɗe da barin ƙasar. In na sake ta a jeji, ita da ba ta taɓa kama ko ƙwaro da kanta ba, kwana nawa za ta yi? In na ba mai wasa da macizai, na san abin da zai yi da ita. Irinta kuma suna kaiwa shekara ashirin da ɗoriya, Yaya ya sha faɗa yana dariya wai sai ta ga jikokina. Abu ɗaya nake so a duniya a wannan makon, in shiga gidan Dogo da akwatin gilas ɗin nan a hannuna.

Kuma ina son Dogo, kar wata ta ce dole aka yi min. Firizarmu ce ta haɗa mu. Ta mutu ana tsakar zafi, aka kira shi, ya shigo yana sunkuyar da kai a ƙofar kicin. Ni kuwa idona na kansa, domin can ƙasa akwai wata roba mai murfi da na rubuta wa "maganin Yaya, kar a taɓa", cike da ɓerayen Hajiya. Ya ɗauko ta da hannu biyu, ya karanta, ya fita mota ya kawo kularsa da ƙanƙara ya saka ta a ciki, wai kar maganin ya lalace kafin ya gama. Na tsaya ina kallonsa, dariya na cina, kunya na cina. Tun ranar na san na faɗa.

Ba shi da yawan magana. 'Yar tabarau yake kirana. Hali ɗaya gare shi da ke ba ni haushi, ba ya jure ya kira ya ji waya a kashe. Ranar da cajina ya taɓa ƙarewa a shago, sai ga shi da kayan aiki a jikinsa, ya bar firjin mutane a buɗe. "Ko faɗa muka yi, ki zage ni, amma kar ki kashe waya," in ji shi. Na ce kishi ne, har na ba ƙawayena labari muna shewa.

Sau biyu a makon na buɗe baki zan faɗa masa da rana tsaka. Na farko mai sayen tabarau ya shigo. Na biyu ba wanda ya shigo, ni ce dai na kalli fuskarsa yana ba ni labarin labulen da ya saya wa ɗakinmu, na haɗiye maganar na ce launin ya yi.

Daren Juma'a bayan isha'i na murza mukulli, na kashe babbar fitila na bar ƙaramar. Hajiya ta riga ta fito daga tulunta, tana bin gilas da hanci. Na ɗauko ta, na zauna a ƙasa na jingina da gado, ta bi hannuna a hankali ta haye kafaɗa, ta zagayo ta bayan wuyana ta saƙalo kanta ta ɗaya gefen, wajen da jijiya ke bugawa. Nan take so, ya fi ɗumi.

Wayata ta yi haske.

"'Yar tabarau, Kawu ya sa an goge masa riga har sau biyu. Kamar shi ne angon."

Wani ya biyo. "Kin yi shiru yau. Lafiya?"

Na ce yau ko gobe, gara yau. Na fara rubutu. Da na zo kan kalmar maciji na rubuta harafin farko, sai yatsan ya tsaya cak. Dare ne. Wallahi ban yi tunanin komai ba, jikina ne kawai ya ƙi, kamar yadda hannunka ke ƙin karɓar abu da hagu a gaban babba. Na goge harafin na sa kalmar gidanmu. Ga abin da na tura, ban canza ko ɗigo ba:

"Dogo, akwai abin da na daɗe ina ɓoye maka. Tun rasuwar Yaya ina da igiya a ɗakina. Kullum da dare sai na kulle ƙofa na fito da ita, ita kaɗai ke sa in ji sanyi a raina. Na yi ƙoƙarin rabuwa da ita saboda kai, na kasa. Yanzu haka tana wuyana. Ka yafe min. Na gode da komai."

Na karanta sau ɗaya, na ga ya yi, har ina yaba wa kaina da na yi ta maza. Sai tsoron amsarsa ya kama ni. Ba na so in ga "ki zaɓa, ni ko ita" a rubuce. Na danne maɓalli har wayar ta mutu, na cusa ta ƙarƙashin filo. Na ce da safe na ji hukuncina.

Na san kun riga kun gani. Ku da kuke karantawa daga waje kun gani tun layin farko. Ni da na rubuta ban gani ba.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Hajiya ta sauko ta hau gwiwata ta koma wuya, ina yi mata surutu ƙasa-ƙasa, ina ce mata in ya ƙi ai sai mu zauna abinmu. Sai na ji ƙarar birki a titi, na ji ana taka matakala bibbiyu, na ji ana dukan ƙofar falo kamar za a cire ta.

Muryar Umma. "Wane ne? Innalillahi, kai ne? Lafiya da daren nan?"

"Ina take? Umma, ina ɗakinta? Igiya! Ta ce igiya tana wuyanta!"

A nan ne abin ya gama lalacewa. Shi igiya yake nufi, ta ɗaure kaya. Umma kuwa a gidanta da dare igiya abu ɗaya ce. Ihun da ta saka har yanzu yana kunnena.

"Na faɗa! Na faɗa wata rana sai ta shaƙe min ita! Ka fasa ƙofar! Ka fasa!"

Na yunƙura zan tashi, ƙafata ta yi tsami saboda zama. Ina cewa, "Ku tsaya, ina zuwa, lafiyata lau," amma wa ke ji? Ga ihun Umma, ga maƙwabta sun fara fitowa, ga ƙarfe yana cin katako. Hajiya ta ji girgizar ta ƙara riƙe ni, ba shaƙa ba, riƙon wanda ke tsoron faɗuwa. Ina ƙoƙarin warware ta a hankali ƙofar ta tsage.

Ya shigo da ƙarfen kwance taya a hannu, singileti a jikinsa, ƙafa ba takalmi. Sama ya fara kallo. Wajen fanka. Wannan kallon ban fahimce shi ba sai washegari. Sannan ya sauke ido ya gan ni a durƙushe, hannuna biyu a wuya, da abu baƙi naɗe a kai yana motsi.

Ban ga lokacin da ya iso ba. Ji na yi an fizge ta, farcensa ya karce min wuya, na ji ta bugi bango ta faɗo. Ta yi abin da ta iya. Ta dunƙule a gindin sif, ƙarƙashin sabuwar rigata, ta cusa kanta a ciki ta jira abin ya wuce.

"Kashe ta! Kashe ta!" Umma ke faɗa daga bakin ƙofa.

"Tawa ce! Dogo, tawa ce! Ba ta cizo!"

Ya sauke ƙarfen sau biyu kafin na rungume ƙafafunsa. Na uku a iska ya tsaya.

Ya kalle ni, ya kalli akwatin gilas da murfinsa a buɗe, da tasar ruwa, da 'yar jar fitilar shimfiɗar lantarki. Ya kalli fankar kuma. Ƙarfen ya suɓuce daga hannunsa.

"Ina igiyar?" ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba.

Umma ce ta nuna gindin sif da yatsa.

Sai ya zauna daɓas a ƙasa, ƙaton mutum, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Maƙwabta sun cika falo, ana ta sannu, ana ta Allah ya kiyaye gaba. Na ji matar hawa na uku tana cewa ai wannan yaro ɗan albarka ne, ya ceci rai. Wani ya ce a kawo shebur a fitar da mushen. Na ce duk wanda ya taɓa ta sai na fasa masa kai, kuma da gaske nake.

Ba ta mutu ba. Da na sa hannu, kanta ya fito a hankali, harshen ya leƙo. Rabin jikinta na gaba yana motsi, na baya kuwa yana biye kamar ba nata ba. Ba jini sosai, sai wajen da ya lotsa. Na naɗe ta a tsohuwar rigar Yaya na mayar da ita gefen ɗumi. Ta yi ta ƙoƙarin shiga tulunta, gaban ya shiga, bayan ya ƙi. Haka na zauna ina kallonta har aka kira asuba. Umma ta zo bakin fasasshiyar ƙofar sau ɗaya da kofin shayi, ta ajiye a ƙasa.

"Ni na ɗauka shaƙe ki take yi, Auta."

"Na sani, Umma."

"Da ke ce uwa, da haka za ki yi."

Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce baƙi dai suna nan zuwa da hantsi, ba a fasa ba, in samu in runtsa kar idona ya kumbura.

Da gari ya waye na sauko da Hajiya cikin kwali a hannu, na huda masa ƙofofin iska, na sa gorar ruwan ɗumi a gefe. Motar aikinsa na nan inda ya taka birki, tayar gaba a kan dakali. A ciki ya kwana. Ya fito ya buɗe min ƙofa, na shiga. Na faɗa masa sunan titin asibitin dabbobi kawai.

Mun yi nisa, muna tsaye a danja, ya yi magana yana kallon gaba.

"Ina da yaya mace. Ban taɓa faɗa miki ba, a gidanmu ba a ambatonta." Ya gyara riƙon sitiyari. "Ina sakandare lokacin. Ta kira ni ina wajen ƙwallo, ban ɗauka ba. Da na gama na kira, waya a kashe. Na ce caji ne. Sai da na tsaya na ci abinci a hanya." Danja ta ba da hannu, na bayanmu suka fara hon. Bai motsa ba. "Ni na buɗe ɗakin. Ni na sauko da ita."

Ya ja motar.

Jama'a, ku faɗa min yadda ake yi. Na kwana ina tara masa zagi, na jera kalmomin da zan yanka shi da su ɗaya bayan ɗaya. Duk suka zube. Na so in kama hannunsa da ke kan giyar mota. Amma hannun nan ne dai da ya sauke ƙarfen. Ina jin motsinta a cinyata ta cikin kwali, tana ja tana tsayawa. Na kasa tsanarsa, na kasa taɓa shi, sai na kalli taga.

Asibitin ƙarami ne, warin maganin wanke ƙasa ya cika shi, wata mata na zaune da kyanwa a kwando. Likitar mace ce mai furfura a goshi. Ta buɗe kwalin ba ta ko ja da baya ba, ta ce, "Kai, 'yar gidan wa aka yi wa haka?" Ta shiga da ita aka ɗauki hoton ƙashi. Da ta fito ta ɗaga hoton a fitila ta nuna min da biro, nan da nan.

"Bayan ya karye wuri biyu. Daga nan zuwa ƙasa ba ta jin komai, daga nan zuwa sama tana jin komai."

"Ba a ɗorawa?"

Ta girgiza kai. "Ƙanwata, gaskiya zan faɗa miki. Irinsu ba sa mutuwa da wuri, shi ne abin tausayin. Za ta iya yin makonni a haka. Ba za ta ci ba, ba za ta yi kukan da za ki ji ba, sai ki ɗauka sauƙi take samu." Ta sauke hoton. "Da me aka buge ta?"

Daga bakin ƙofa Dogo ya ce, "Ni ne. Da ƙarfe."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta dube ni, ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce in ina so in fita, za ta kira ni in an gama. Na ce a'a. Na roƙe ta ta kashe babbar fitila, haske na damunta, da rana ba ta saba fitowa ba. Ta kashe. Na zauna a kujerar roba, na ɗora ta a cinyata cikin rigar Yaya, na tallafi kanta a tafin hannuna. Allurar farko ta barci ce. Harshen ya fito ya taɓa wuyan hannuna, ya koma, ya sake fitowa a hankali. Likita ta ce sauran aikin ba na kallo ba ne, ta ɗauke ta ta shiga ciki. Da ta dawo min da ita a naɗe, ta dafa kafaɗata.

Ban yi kuka a nan ba. Ji na yi kawai an sake fitar da Yaya daga gidan, wannan karon ba wanda zai zo min gaisuwa.

A mota na kunna wayata, karo na farko tun daren jiya. Kiransa suka yi ta shigowa, ban ƙirga ba, da saƙonni a jere. "Kar ki yi." "Ina zuwa." "Don Allah ki jira ni." "Ki jira ni." Na kifa ta a kan kwalin. Ta sake yin ƙara, na juyo ta. Umma ce.

"Sun iso, su huɗu. Kawunki na tare da su a falo. Na rufe ƙofar ɗakinki da labule. Kina ina? In ce musu me?"

Tasa wayar ma ta fara ruri a aljihu, ya ciro ya duba, ya mayar. Ya ga saƙon da ke hannuna, ban ɓoye ba. Bai tada motar ba.

"'Yar tabarau," ya ce, sai ya fasa, kamar ya ji ba shi da ikon sunan yanzu. "Duk abin da kika rubuta mata, shi ne. Ba zan ce komai ba."

Na daɗe ina kallon wajen rubutun. Rana ce tsaka, ba kalmar da aka hana ni. Na rubuta, na tura.

"Ki ce musu an yi mana rasuwa."

Alama ta nuna ta karanta. A saman allon na ga Umma tana rubutu. Ta daina. Ta sake farawa, ta daɗe, ta sake dainawa. Dogo ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon bangon asibitin, ni kuma na riƙe kwalin, muna jira.